Ranar da Makara ta Ɓace a Layin Goro

Da hantsin ranar Alhamis, Ladan Rafiu ya buɗe ƙaramin ɗakin da ke jingine da bangon masallacin Layin Goro, a tsohon Zangon Kumasi, ya tarar babu makara. Koren mayafin da ake lulluɓe ta da shi yana nan a ninke, a kan dakalin taga. Ita kuwa makarar ƙarfen da ake ɗaukar mamatan layin a kanta tun shekarar 1987, sai gurbinta kawai ya rage a cikin ƙura.

Ba rasuwa ce ta sa ya buɗe ɗakin ba. Ranar Juma'ar da ta gabata, Sufeton 'yan sandan yankin ya zo bayan an idar da salla, ya karanta wa jama'a rahoton wata: an sace murafun kwata goma sha ɗaya, da mitar ruwa shida, da wayar lantarkin wata makaranta. Ya roƙi kowane layi ya duba abin da yake da shi na ƙarfe, ya sa masa kwaɗo. Alhaji Abass, shugaban kwamitin tsaro na layin, ya riƙi maganar da hannu biyu, da yake ɗaya daga cikin mitocin shidan tasa ce. Shi ya aiko Ladan da sabon kwaɗo, domin ɗakin makara tun da aka gina shi sakata kaɗai gare shi. Babu wanda ya taɓa tunanin akwai ɗan Adam da zai so abin da ke ciki.

Kafin azahar layin ya cika, kuma bakin jama'a ya zo ɗaya a kan 'yan kondem, wato masu yawo da kura suna sayen tsohon ƙarfe. Wanda aka fi gani a Layin Goro shi ne Seini, wani Bazabarme mai kimanin shekara arba'in, wanda ke kwana a Moshi Zango. Samari suka tare shi a bakin titi, suka zazzage kurarsa, sai ga guntayen bututun ƙarfe masu koren fenti. Kafin motar 'yan sanda ta iso, an yaga masa riga, an kumbura masa fuska. Sufeto ya tafi da shi, ya ce zai dawo gobe Juma'a bayan la'asar ya saurari masu shaida. In abin ya tabbata, ranar Litinin sai kotu. Alhaji Abass kuwa ya yi rantsuwa cewa ko kotu ta sake shi, Seini ya gama cin abinci a Zango.

Baba Iliasu ba ya cikin kwamitin. Shekararsa tamanin ba ɗaya, kuma yawancin yini yana zaune ne a ƙofar gidansa yana gyaran tasbahohin da suka tsinke. A ƙuruciyarsa, kafin manyan motoci su karɓe jigilar dabbobi, yana cikin masu koro shanu da ƙafa daga Bawku, su bi ta Tamale, su ƙetare ruwa a Yeji, su gangaro ta Atebubu da Ejura har Kumasi. Aikinsa a ayarin shi ne bin sawu. In sa ya ɓalle, ko an janye shi, Iliasu ake turawa. Sau biyu kaɗai ya dawo hannu wofi, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin sau biyun. A watan Nuwamban 1969, sa'ad da aka ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, ya tsaya a tasha ya ga an loda maƙwabtansa a manyan motoci, har da waɗanda aka yanke cibiyarsu a Zango. Tun daga ranar, in ya ji an ce wa mutum "ai baƙo ne," sai goro ya fita ransa.

Ya iso masallacin yana dogara sanda, ya dubi ƙasar lungun da jama'a suka tattake, ya girgiza kai. Ya ce an karanta masa wasiƙa da ƙafa, an goge sawun da zai bi. Duk da haka ya sa aka ja baya, ya durƙusa da ƙyar a bakin ƙofa. An yi ruwa ranar Talata, saboda haka jar ƙasar da ke gefen kwata ta riƙe abin da aka ba ta. Ya daɗe a wurin, sa'an nan ya tuɓe takalmansa ya shiga ɗakin, ya fi rabin sa'a.

Da ya fito, ya gaya wa Alhaji Abass abin da ya gani. Mutum ɗaya ne, ba matashi ba. Ya zo da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya, alhali kurar Seini ƙafa huɗu gare ta. Ya tuɓe manyan takalman aiki ya jera su a bakin ƙofa, ya shiga ba takalmi. Bai ja makarar a ƙasa ba. Ɗaga gefe guda ya riƙa yi yana matsarwa, sa'an nan ya koma ɗaya gefen, kuma ya huta sau uku kafin ya kai ƙofa. Ɓangaren kai ya fara fitarwa, kamar yadda ake fitar da ita in da mutum a ciki.

"Baba, wannan duk bai wanke kowa ba," in ji Alhaji Abass. "Aboboya haya ake yi, takalmi aro ake yi. Ninke mayafi kuma ya nuna ɓarawon Musulmi ne, kamar dai wanda muka kama."

Baba Iliasu ya amsa cewa haka ne. Akwai abu ɗaya da bai faɗa ba, domin shi kansa bai gane shi ba tukuna. A kan simintin, inda ƙafafun makarar ke tsayawa, ya ga an yi alama da farin alli: gicciye a wuri uku, da'ira a na huɗun. A jikin bango kuma akwai wasu gajerun layuka. Ladan ya ce aikin yara ne. Amma da Baba Iliasu ya murza da yatsa, allin bai goge ba.

A ofishin 'yan sanda, Sufeto ya tarbe shi da girmamawa. Mutumin Asante ne, amma ya yi shekaru a unguwannin Zango har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya faɗa wa tsohon gaskiya, cewa rabin dalilin tsare Seini shi ne kada a kashe shi. Sai dai kuma bututun kore ne, makara kore ce, kuma akwai mutum goma da suka shirya rantsuwa.

Aka fito da Seini. Ido ɗaya ya rufe don kumburi. Ya durƙusa ya gaida Baba Iliasu, ya ce bututun nan ƙafafun tsohon gado ne da ya saya a Aboabo, wurin wata mata da bai san sunanta ba. Ranar Talata ya tsaya a masallacin, gaskiya ne, amma salla ya yi. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, yana ce wa mace "shi", amma maganarsa a miƙe take.

"Baba, ubana shi mutu a gida, ni ina nan Kumasi, ban ɗauka shi ba. Wasu mutane suka ɗauka. Yaya ni zan saida abin ɗaukan uban wani?"

Baba Iliasu ya tambaye shi ko 'yan kondem suna amfani da alli. Seini ya yi murmushi da rabin bakin da ya rage masa. Ya ce me za su yi da alli? Su ba ruwansu da tsawo ko faɗi, ko miƙe ko karkace. Ƙarfe in ya zo hannunsu sikeli kawai ya sani. Shi ma da hannu yake ɗagawa ya faɗi nauyin, kuma da wuya ya kuskure. Masu walda ne ke zane da wani alli mai tauri wanda ba ya gogewa, don su ne suke son abu ya daidaita.

Tsohon ya miƙe, ya ciro goro biyu ya ba shi, ya ce ya tauna da ɓangaren da ke da lafiya.

Mma Azaratu ta shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai daura da masallacin, kuma babu abin da ke wucewa a layin ba ta gani ba. Da safiyar Juma'a Baba Iliasu ya zauna a bencinta. Ta zuba masa koko ba sukari tun bai tambaya ba, tana yi masa tsiya cewa mai bin sawun shanu ya koma bin sawun ƙarfe, saura ya bi sawun haƙoransa da suka gudu. Ya ce waɗannan ya san inda suke, ƙosanta ne ya cinye su.

Ta ce ranar Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da maza suka tafi kasuwa, ta ji aboboya ta shiga lungun ta tsaya. Ta ɗauka Suraj ne mai kwasar shara. Baba Iliasu ya riga ya bincika wannan, ya san babur ɗin Suraj yana wurin gyara tun Litinin. Ya tambaye ta ko ta ga mai tuƙin.

"Ni in dubi wannan ƙofa? Baba, ka san dai ba a dubanta. Ranar da za ta buɗe domina tana nan tafe, ba sai na leƙa ba."

Wannan gaskiya ce da kowa ya sani a Zango. Mai wucewa ta gaban ɗakin makara yakan kawar da kai. Ba a kuma tambayar makara sai an yi rasuwa. In mutum ya je wa Ladan da maganarta, kafin ya koma gida mata sun fara shigowa da salati.

Ya tambaye ta wa aka ɗauka a kanta na ƙarshe. Ta ajiye ludayi. Ta ce ƙawarta ce Habsatu, matar Brimah mai walda, yau mako biyar. Tun daga nan Brimah yake zuwa kowace safiya ya sayi kokon mutum biyu bisa sabo, ita kuma ba ta da zuciyar da za ta tuna masa. Amma yau kwana uku ba ta gan shi ba, gidansa a kulle. Ta so ta sa a yi cigiya a lasifikar masallaci, sai ta tuna aikin banza ne, domin shekara arba'in na bugun ƙarfe a Magazin sun tafi da kunnuwansa.

Baba Iliasu ya shanye kokonsa, ya tafi neman trotro, wato motar haya, mai zuwa Suame, unguwar da Magazin take.

Magazin gari ne na ƙarfe. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa, amma yau dubban makanikai da maƙera ne ke cikinsa, kuma ƙarar guduma ba ta yankewa. A can ƙarshen wani lungu, bayan gawawwakin motoci, Baba Iliasu ya sami rumfar Brimah. A ƙofarta akwai aboboya. A ciki kuwa, an ɗora makarar a kan katako biyu don kada ta taɓa ƙasa mai baƙin mai, an rufe ta da sabon farin yadi, ana jiran fenti ya bushe. A gefe ga tabarma da buta, alamar a nan mai rumfar yake kwana.

Brimah dattijo ne mai faɗin kafaɗa, ya haura saba'in. Da ya ga baƙonsa sai ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Suka zauna a kan wani tsohon kushin mota, Baba Iliasu yana magana a cikin kunnensa, shi kuma yana amsawa da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa.

Ya ce ranar jana'izar Habsatu shi ya riƙe hannun gaba na dama. Suna tsallake kwatar bakin titi sai ya ji hannun ya yi motsi a kafaɗarsa, waldar ta saki. Makarar ta karkata, ya ji jikinta ya zame ya bugi ƙarfen gefe. Babu wanda ya lura. Shi kaɗai ya ji, da kafaɗarsa. Da aka sauke ta don salla kuma, ya ga ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, makarar tana rawa.

"Shekara arba'in da huɗu, Yaya Iliasu, ban taɓa bari ta yi tuntuɓe a gabana ba. Ni mai walda. Sai a tafiyarta ta ƙarshe."

Ya ce ya yi niyyar gyarawa ya zama sadaka gare ta. Bai tambayi Ladan ba, don kada a ɗauka wata rasuwar aka yi, kuma don Habsatu ba ta taɓa yin kyauta a bainar jama'a ba. Sai bayan ta rasu mata suka riƙa zuwa suna faɗin abin da take kai musu a ɓoye. Ya so tata sadakar ta kasance irin halinta. Ya lissafa cewa babu mai duban wannan ɗaki, zai mayar da ita ranar Asabar ba wanda ya sani. Ya roƙi Baba Iliasu, don Allah, ya rufa masa wannan asiri.

Baba Iliasu ya matso da bakinsa kusa, ya ba shi labarin sabon kwaɗo, da bututu masu koren fenti, da idon Seini, da kotun ranar Litinin. Brimah ya daɗe yana kallon farin yadin.

"Fentin bai bushe ba," in ji shi a hankali.

"Kumburin fuskar Seini ma bai sauka ba. In Habsatu ce, wanne za ta jira?"

Brimah ya share ido da bayan hannu, ya tashi yana neman makullin aboboya.

Bayan la'asar aka taru a barandar masallaci. Sufeto ya zauna a kujera, Seini a ƙasa kusa da shi. Ga Alhaji Abass da 'yan kwamitinsa, ga Ladan Rafiu, ga Suraj wanda ya ji an ambaci babur ɗinsa ya zo da makanikensa don shaida. Mma Azaratu da sauran mata suna tsaye daga bakin lungu. Samarin da suka yi dukan sun jeru a baya.

Baba Iliasu ya nemi izini, ya kai Sufeto da Alhaji Abass cikin ɗakin, ya nuna musu allin. Ya ce gicciye uku ƙafafun da ke taɓa ƙasa ne, da'irar kuwa ita ce ƙafar da ta gaza. Layukan bango tsawon hannuwa ne. Wanda zai sayar da ƙarfe a sikeli bai damu da ƙafar da ta gaza ba. Wanda ya yi wannan awo so yake makara ta tsaya daidai. Alhaji Abass ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji ƙarar aboboya tana shigowa lungun a hankali, kamar mai tsoron ramuka.

Brimah ya sauko, ya tsaya a gaban jama'a, ya cire hularsa. Da muryarsa mai ƙarfi ya ce shi ya ɗauka, ya faɗi dalili, bai rage komai ba. Da ya zo kan tsallake kwata muryar ta karye, aka ji wata mata ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Sa'an nan ya juya ga Seini, ya durƙusa duk da girmansa, ya ce shi ya jawo masa wannan, ya yafe masa. Seini ya yi sauri ya tashe shi.

Sufeto ya rufe littafinsa. Ya ce babu sata a nan, Seini ya tafi abinsa, kuma kurarsa tana ofis. Amma akwai duka, kuma duka laifi ne. Ya ce rahoton da ya karanta roƙo ne a sa kwaɗo a kira 'yan sanda, bai ce a kafa kotu a bakin titi ba. Ya tambayi Seini ko zai shigar da ƙara. Seini ya dubi samarin, waɗanda kowannensu ya sami abin kallo a ƙasa, ya ce a dai ɗinke masa rigarsa. Alhaji Abass ya tako, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce ɓacin ran mitarsa ne ya rufe masa ido, kuma rantsuwar da ya yi zai yi kaffararta.

Saura mayar da makara. Da aka yaye farin yadin, sai ga ta da sababbin hannuwa huɗu, da ƙarin ƙarfe a kowace kusurwa, fentin yana sheƙi. Samari suka matso za su ɗauka, Baba Iliasu ya tare su da sandarsa. Ya ba Ladan hannu ɗaya na baya, Sufeto ɗaya. Ya ba Alhaji Abass na gaba na hagu. Na gaba na dama kuwa, ya dubi Brimah, Brimah ya dubi Seini.

Seini ya tuɓe silifas ɗinsa, ya sa kafaɗa. Da suka ɗaga, sai ya dubi sababbin hannuwan, ya ce an ƙara mata kilo shida. Mma Azaratu ta faɗa wa Brimah a kunne, ya ce shida da rabi, aka yi dariya kaɗan. Suka tsallake kwatar, suka shiga da ita, suka sauke ƙafafunta a kan alamomin allin. Duka huɗun suka zauna. Da suka fito, kowannensu da koren fenti a tafin hannu da kafaɗar riga, har da kakin Sufeto.

Brimah yana tsaye a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya kama hannun Seini ya tambaye shi ko ta yi motsi sa'ad da suka tsallake kwatar. Seini ya kai bakinsa kusa da kunnen tsohon.

"Ko kaɗan, Baba. Wanda shi kwanta ciki ba zai sani an tsallake ba."

Brimah ya gyaɗa kai sau biyu. Ladan ya ɗauko koren mayafin daga taga, ya ce sai fenti ya bushe zai lulluɓa. Ya ja ƙofar, ya dubi sabon kwaɗon da ke hannunsa, ya miƙa wa Brimah makulli ɗaya daga cikin biyun.